Jan Ƙyallen Shagon Aski

Litinin, da hantsi

An yi shara jiya. Biyu a bayan kasuwa, ɗaya a bakin kwalbati. Haka ake faɗa yanzu, an yi shara, kamar ɓawon gyaɗa aka kwashe. Masu farar motar ma sunan da aka laƙa musu ke nan, Masu Shara, kuma na ji an ce sunan yana musu daɗi.

Na bakin kwalbatin ni na yi masa aski ranar Alhamis. Yana da wani tabo a ƙeya, kullum sai ya ce in bi wurin a hankali. Da na zo wucewa an rufe shi da kwali, ƙeyar ce kaɗai a waje. Ban tsaya ba.

Na iso shago na tarar Maigida ya ƙure rediyo yana ta cewa Allah ya ƙara. Na ce, "Baba, mutane ne fa." Ya ce, "Me ka ce?" Kunnensa na dama ya mutu tun ba a haife ni ba, na hagun kuma sai abin da ya ga dama yake ji. Na maimaita da ƙarfi. Ya ce, "Farfesa, share gashin nan ka bar mini wa'azi."

Bari in rubuta tun yanzu don kada in manta da kaina: ba son yaran Gada nake yi ba. Su suka sari mai kanti a gaban 'yarsa. Su suke fizge wayar mata a bakin titi. In sun shigo nan sai kowa ya tashi ya ba su benci. Na tsane su tun kafin a fara tsanarsu a rediyo. Amma kwali?

Talata, bayan azahar

Yau na gane yadda suke zaɓa. Gira ce. Duk wanda aka ɗauka yana da tsaga biyu a girar hagu.

Yaran Gada suka fara yin ta, gaskiya ne. Amma daga baya duk saurayin da yake son 'yan mata su waiwayo sai ya zo a tsaga masa. Mai tura baro, ɗan makaranta, mai sayar da rake, har wani ango. Rezata ce ta yi rabinsu. Sau biyu kake jan hannu, an gama.

Gajere yana da ita. Ƙanena, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, shi ya sa ake ce masa Gajere. Makon jiya ma na sabunta masa, yana ta ce mini in ƙara zurfi.

Talata, magariba

Inna ta kulle shi a ɗakin baya, ta ɗaura mabuɗin a bakin zaninta. Ya ce aikinsa na gareji fa? Ta ce garejin ya ci wuta. Ta juyo kaina: "Babba, wata nawa gira take yi kafin ta cike?" Na ce makonni ne, Inna. Ta ce, "Da ka tsaga ba ka san haka ba?"

Na kau da kai. Ni da ake cewa bakina ya fi almakashina kaifi.

Alhamis, da safe

An yi shara.

Juma'a, la'asar

Shago ya cika da samari, kowa hula har ido. A aske girar gaba ɗaya, wai in babu gira babu tsaga. Na ce ku yi tunani mana, mutum ba gira ai tun daga ƙarshen layi za a hango shi. Ba wanda ya saurare ni. Maigida ya aske, na aske. Suka fita kamar ƙwai a faranti. Da dariya zan yi.

Jarida ta ce "wasu da ba a san ko su wane ne ba". Ni aji huɗu na tsaya a firamare, sauran karatun a tsofaffin jaridun goge kilifa na tsince shi, amma na iya gane lokacin da takarda take rufe ido. Motar tana kwana a filin mai katako. Akuyar unguwar nan ma ta sani.

Asabar, wajen ƙarfe goma sha ɗaya

Akawu ya zo aski. Shi ne mai yanka tikiti a tasha, siriri, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Duk garin nan shi kaɗai yake ba ni aron littafi ba tare da ya tambaye ni ko zan gane ba. Yau ya kawo wani na tarihi, bangonsa ya cire, farkonsa ma babu.

Na ce, "Akawu, wannan ai daga tsakiya ya fara."

Ya ce, "Kai ma daga tsakiya ka zo duniya, ka kuma gane kanta."

Na tambaye shi ra'ayinsa kan sharar. Ya cire tabarau ya riƙe a cinya, yadda yake yi in zan gyara masa gefen kunne. Ya ce shi tikiti yake yankawa, kuma kwanan nan na tafiya ya fi na dawowa yawa. Sai ya ce in rage masa sama kaɗan, tsohuwarsa ta ce ya fara kama da tsintsiya.

Lahadi, da yamma

Inna ta aro jagira a maƙwabta. Na zaunar da Gajere a bakin taga na cike masa tsagar gashi ɗaya-ɗaya, kamar mai zanen allon shago. Ta yi kyau. Ya kalli madubi ya ce, "Yaya, saura jan baki." Inna ta kai masa duka tana dariya. Rabon da in ji dariyarta har na manta.

Bai yi rabin sa'a ba gumi ya wanke ta, baƙin ya gangaro masa har kunci.

Akwai wani takalmi sabo a ƙarƙashin katifarsa. Albashin gareji ba ya sayen irinsa. Ban tambaye shi ba. Ban kuma tambaye shi inda yake ranar da aka sari mai kanti ba. Ya ce yana gareji, to yana gareji.

Talata, da hantsi

Yanzu marasa gira ake ɗauka. Na faɗa. Na faɗa musu da bakina.

Laraba, azahar

Akwai wani mutum da ya fara zama a bencin mai faci, daidai saitin ƙofarmu. Yana riƙe da jarida. Tun safe nake kallonsa ta madubi, bai juya shafi ko sau ɗaya ba. Ko dai shafin nan ya fi duk littattafan duniya daɗi, ko kuma jakin bai iya karatu ba. Na sa masa suna Mai Jarida.

Alhamis, bayan la'asar

Mai Katako ya zo, ciyaman ɗin kwamitin unguwa. Ya jira har Maigida ya tafi cin abinci. Bai zauna a kujerar aski ba, benci ya hau ya miƙe ƙafa, ya tambayi Inna da ciwon gwiwarta, ya ce shi ya ɗauki makarar babanmu ta gaba, ko na tuna? Na ce na tuna, ranka ya daɗe.

Ya ce, "Ɗana, aikin nan ya rikice. Masu gira sun aske, marasa laifi sun aske. Ba ma son a taɓa ɗan kowa a banza. Kai kuwa ka san kawunansu. Ka san wanda ya yi don ado, ka san wanda ya yi don Gada."

Na ce ni wanzami ne, ba alƙali ba.

Ya ce, "Wa ya ce ka yi magana? Bakinka ma ba ma so, ya cika yawa." Ya zaro wata leda ya ajiye a kan teburin kilifa. Ƙyallen aski ne, sabo fil, ja. Namu shuɗi ne, ya tsufa har ya koma toka-toka. Ya ce in mutumin kirki ya zauna, in yafa masa shuɗin. In ɗayan irin ne, in yafa masa jan. Shi ke nan. Mai kallo yana kallo.

Na ce in ban yafa wa kowa ba fa?

Ya tashi yana kakkaɓe riga. "Ina Gajere ne? Kwana biyu ban gan shi a gareji ba. Dogon yaro, ba ya ɓoyuwa." Ya kai ƙofa ya juyo. "Ka nuna mana kana tare da mu, mu ma mu manta da ɗakin baya."

Ɗakin baya. Haka ya ce.

Alhamis, magariba

Na cusa ledar a ƙasan kwalin tsofaffin jaridu. Ban gaya wa Maigida ba. In na gaya masa sai na ɗaga murya, in na ɗaga murya har mai faci sai ya ji. Ban gaya wa Inna ba.

Asabar, la'asar

Shuɗi. Duk yinin yau shuɗi.

Har wani daga cikinsu ya zo, na ainihin, wanda na san ya taɓa tsaga wa mai babur ciki. Ya zauna yana rawar ƙafa, ƙeyarsa duk gumi. Na tsaya a bayansa ina kallon kwalin jaridu. In akwai wanda ya cancanta a garin nan, shi ne. Hannuna ya ɗauko shuɗin. Ban sani ba ko tsoron Allah ne ko tsoro ne kawai.

Da zai fita ya ce, "Na gode, Oga." Bai taɓa ce mini haka ba.

Litinin, da safe

Na duba girar a hasken taga. Ta fara tsiro, ɗan baƙi-baƙi kamar an barbaɗa toka. Gajere ya ce zai haukace a ɗakin nan, ya ƙirga langa-langar rufi har ya san wadda ta fi tsatsa. Na ba shi littafin Akawu. Ya juya shi ya ce, "Babu hoto?" Na ce to ka ci gaba da ƙirga rufi, jahili. Ya ce jahilin da ke gyara injin da kai ko murfinsa ba ka iya buɗewa ba. Muka yi ta yi har Inna ta ce duk mu rufe mata baki.

Ina son yaron nan. Ba zan taɓa gaya masa ba.

Laraba, azahar

Mai Katako ya wuce a mota, ya rage gudu, ya ɗaga mini hannu. Ya nuna agogonsa.

Alhamis

Shuɗi.

Juma'a, da hantsi

An zana gicciye da alli a bangon gidanmu, ƙasa-ƙasa, kusa da ƙofa. Inna ta ce yara ne. Ta wanke da kanta, ta sake wankewa, wurin ya fi sauran bangon haske. Yara ne, in ji ta, tana wankewa.

Na yi tunanin fitar da shi gari. Ta ina? Suna tasha, suna bakin gada, suna leƙa kowace mota suna ɗaga wa samari hula.

Asabar, bayan la'asar

Zan rubuta yadda abin ya faru a jere, don kaina ya daina juya shi.

Ana ruwa. Wajen azahar maƙwabciya ta aiko cewa Gajere yana dukan ƙofa, wai sai ya fita. Na bar Maigida da wani tsoho da ake shafa wa baƙin gashi, na ruga gida. Na zage shi, ya zage ni, ya yi kuka, ya kwanta. Na dawo a jiƙe.

Ashe bayan fitata kwanon baƙin ya kife a kan shuɗin ƙyallen. Maigida ya wanke shi ya shanya a bayan ƙofa. Ya je kwalin jaridu neman abin goge ƙasa.

Tun daga bakin titi na hango ja ta cikin gilashi.

Na shigo. Maigida yana ta washe baki. "Farfesa, ashe kana da sabon kaya kake ɓoyewa? Ka bar mu da tsumma?" Wanda ke kan kujerar ya riƙe tabarau a cinya, ya kanne ido yana nemana a madubi. Ya ce, "Ka kai ina a littafin?"

Na fizge ƙyallen daga wuyansa har gashi ya watse masa a riga. Maigida ya ce, "Kai, lafiyarka?" Na leƙa waje. Bencin mai faci ba kowa. Jaridar tana nan, ruwa yana dukanta.

Akawu ya sa tabarau ya dube ni. Ya ce, "Ko na wani ne?" Na ce datti gare shi. Sabo fil, na ce datti gare shi. Ya yi dariya ya ce wa Maigida a ƙarasa masa haka nan, yana da tikitin motar yamma da zai yanka.

Asabar, magariba

Na je filin katako. Mai Katako ya sa an ba ni kujera, na ƙi zama. Na ce kuskure ne, ba ni na yafa ba, tsohon bai san komai ba, mutumin nan akawun tasha ne, ko kaza bai taɓa yankawa ba, girarsa ma cikakkiya ce, ku je ku duba.

Ya bar ni na gama. Ya ce, "Kowa haka yake cewa a karon farko. Zuciya ce, za ta saba."

Na ce wallahi tallahi.

Ya ce, "Su wa ke gaya wa yaran Gada wane fasinja ne ya sauko da kaya? Ba wani a tasha ba? Mun daɗe muna tunani. Ka ga ka taimaka."

Na ce ƙarya ne. A gaban yaransa na faɗa. Ɗaya ya miƙe, Mai Katako ya ɗaga masa hannu, ya koma ya zauna.

"Maganar ta wuce hannuna, ɗana. Amma ka ji wannan da kyau. In aka je aka tarar ba ya nan, mun san wanda ya gaya masa. Motar kuma ba ta komawa wayam. Gaida Inna."

Lahadi, da safe

Tasha ba nisa. Ina fita layinmu, in bi ta bayan kasuwa, na isa.

Lahadi, azahar

Na je. Akawu yana bayan tagarsa yana yanka tikiti, yana yi wa wata tsohuwa bayanin motar da za ta hau, har ya fito ya ɗaukar mata ƙunshi. Askin bai yi daidai ba ta hagu, Maigida ba ya gani sosai. Motoci uku suna lodi. Kowacce ya shiga, kafin dare ya yi nisa.

Na tsaya a jikin rumfar mai lemo. Mai lemo ya ce in saya ko in matsa.

Na matsa.

Litinin

Ban je shago ba. Na ce wa Inna zazzaɓi ne.

Talata, da safe

An yi shara. Ɗaya.

Talata, la'asar

Maigida ya zo har gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a tsakar gida yana juya hularsa. Ya ce, "Wannan kuma me ya yi musu? Yaron da ko murya ba ya ɗagawa. Ni na yi masa askin ƙarshe, ka sani?" Bai ce Allah ya ƙara ba. Ya tambaye ni ina jan ƙyallen, wai ya neme shi bai gani ba. Na ce na ƙona shi da dutsen guga. Ya ce, "Me ka ce?" Na ce ya ƙone. Ya ce kash, ƙyalle mai kyau.

Yana cikin jakata. Ko bayan gida zan shiga da jakar nake shiga.

Laraba, da hantsi

Rediyo ta ce an kawar da "idon ɓata-gari a tasha". Mutane suna cewa ai dama shiru-shirun nan nasa. Mai faci ya ce shi tun tuni bai yarda da tabaraun nan ba. Na wuce.

Ban je gaisuwa ba. An ce tsohuwarsa ba ta kuka, tambaya kawai take yi.

Littafin yana hannun Gajere. Ashe ya fara karantawa. Ya ce, "Yaya, mutanen nan duk kashe juna suke yi, ba su da aiki ne?" Ya ce in na gama in roƙa masa wani mai ɗan hoto.

Alhamis, bayan azahar

Mai Katako ya aiko yaronsa wurin Inna. Wai a gaya wa Gajere ya koma bakin aikinsa, kwamiti ya bincika, ba shi da laifi.

Inna ta kwance mabuɗin daga bakin zaninta. Gajere ya fito tsakar gida ya tsaya yana kallon sama kamar wanda bai taɓa ganinta ba. Ya yi fari, ya rame. Tsagar tana nan, ana ganinta in an matso. Ba wanda zai matso.

Ya ja ni gefe. "Yaya, me ka ba su?"

Na ce ba komai.

"Mutanen nan ba sa kyauta. Me ka ba su?"

Na ce je ka yi wanka, kana wari.

Juma'a, da yamma

Inna ta ce ba tarbiyya ba ce mutum ya yi maka irin wannan alheri ka yi shiru. Ta ce in sa rigar kirki in je wurin Mai Katako in yi godiya, ni ne babba. Na ce Inna, ki bari. Ta ce, "Ɗana aka bar mini. Ko da rarrafe ne sai ka je."

Na je. Yana zaune a kan katako yana shan iska. Na durƙusa. Na ce Inna tana godiya, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Kalmomin suka fito sumul, ko ɗaya ba ta maƙale ba. Ya dafa kaina. Ya ce yaron kirki. Ya ce mutuminsu zai dawo benci, gobe shago yana cika, kuma Gajere ya ci gaba da zama yaron kirki shi ma, wannan yana hannuna.

Yanzu ina ɗakin baya, nan ne kaɗai ba kowa. Gajere yana ƙofar gida da abokansa na gareji, yana ba su labarin jagira, yana kwaikwayon muryar Inna. Ina jin dariyarsa daga nan. Yana da rai, ina jinsa da kunnena.

Gobe Asabar.